Darasi na Tara: "Faɗuwar Gaba" a Bakin Majiyyaci

A fagen nazarin ma'ana, furuci ɗaya yakan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. Mu ɗauki "gabana yana faɗuwa". A zancen yau da kullum, tsoro ko fargaba ake nufi. To amma idan dattijuwa daga Sandamu ko Baure ta faɗi haka a Babban Asibitin Daura, mai yiwuwa ainihin abin da take ji a ƙirji take bayyanawa, wato zuciya tana dukan uku-uku, ko ta yi kamar ta tsaya sannan ta ci gaba.

Zuciyar baligi, idan yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wasu magunguna sukan dagula wannan tsari. Ventolin na masu asma yakan sa ta sauri, haka ma wasu magungunan mura. Kwinin da kulorokwin kuwa, musamman idan aka zarce ƙima, sukan rikita bugun har ya kai ga suma ko mutuwa. A watan Maris na 2020, hukumomin lafiya na Legas sun ba da rahoton mutanen da kulorokwin ya kai asibiti, bayan sun sha shi da zummar kariya daga korona.

Nan ne harshe yake shigowa. Dangin da suka ji "faɗuwar gaba" sai su fassara ta da firgita ko shafar iska, a nemo rubutu da hayaƙi, ba wanda ya tambayi wane magani ta sayo a kemis. Alhali abin da ya dace shi ne a kai ta asibiti tare da kwalin maganin.

Wace kalma ke nan malami zai zaɓa wajen fassara? "Bugun zuciya" ba ta wadatar ba, domin kafofin watsa labarai sun riga sun ba ta ma'anar ciwon da yake kashewa farat ɗaya. "Ciwon zuciya" kuma ta haɗa har da baƙin ciki. A ganinmu, "rikicewar bugun zuciya" ta fi dacewa, ko da yake ta ɗan yi tsawo.

Aiki: Ɗalibi ya tattaro furuci biyar masu ɗauke da "zuciya" ko "gaba" daga bakin mutanen garinsu, ya rarrabe waɗanda suke nuni ga halin rai da waɗanda suke nuni ga ciwon jiki.