Miji a Mile 12, Mata a Aliero: Yadda Za a Hana Aure Yin Sanyi

Da zarar an fara cire albasa a fadamun Aliero, gidaje da yawa sun shiga lissafin rabuwa ke nan. Tirela ta cika, ta bi ta Jega da Maiyama, ta wuce Koko da Yawuri da Kwantagora, ta haye gadar Jebba, maigida yana gaba kusa da direba. Wani kasuwar Mile 12 ya nufa a Legas, wani Anacha, wani Fatakwal, wani ma sai Akra. Kuma ba 'yan albasa kaɗai ba ne. Akwai masu ɗorin karaya da garin ya yi suna da su, waɗanda sana'a ke kaiwa nesa. Akwai malaman jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006, waɗanda su suna nan, iyali kuma suna wata jihar. Duk damuwarsu ɗaya ce: yaya za a yi wata da watanni ba a ga juna ba, a dawo kuma a tarar da zuciya yadda aka bar ta?

A ganina tsawon hanya ba shi ne babban abin tsoro ba. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba waya ba wasiƙa, aure bai mutu ba. Abin da ya fi cinye aure a yau abu biyu ne: tafiyar da ba ta da ranar dawowa, da wayar da ta koma ta lissafi da tuhuma.

Kai maigida, kada ka fita sai ka yanke rana. "In kaya sun ƙare" ba rana ba ce, domin kayan ɗan albasa ba su ƙarewa. Wata mota na saukewa wata na hanya. Ka ce "kafin a ɗauki azumi" ko "sati biyu bayan babbar Sallah", abin da za ta iya ƙirgawa da yatsunta. Wannan ba sabon zance ba ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, da ya ji koken wata mata da mijinta ya daɗe a fagen yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya haƙurin da mace za ta yi, sannan ya hana a riƙe mayaƙa fiye da wata huɗu zuwa shida, gwargwadon ruwayar da aka bi. In an yi wa jihadi iyaka, ina ga neman kuɗi? In kuma ranar ta zo da uzuri, kai ne za ka fara faɗa mata tun kafin ranar, tare da sabuwar rana. Babu abin da ke ƙona ran mace kamar ta yi kitso da lalle, ta ɗora tukunya, sannan ta ji daga bakin matar direba cewa ba ka shigo motar ba.

Sai waya. Yawancin kiran mazanmu ba ya wuce minti biyu: "Ya gida? Ya yara? Kuɗin sun shigo? To, a gaida Inna." Wannan rahoto ne, ba hira ba. Ku raba kira gida biyu. Maganar cefane da kuɗin makaranta da magani a yi ta da rana, a gama. Kiran bayan sallar isha'i kuwa a haramta masa zancen kuɗi, ko da na minti biyar ne. Me za a faɗa? Ƙananan abubuwan da mutum zai gani da yana nan: yadda autan ya fara tatata, tunkiyar da ta haihu, rigimar da aka yi da dillali, abincin da aka sayar maka ka kasa ci ka tuna miyar kukarta. Ka faɗa mata ka tuna ɗin. Namiji ba ya raguwa don ya ce wa matarsa ya yi kewarta.

Ka kuma tuna inda ka bar ta. A gidan gandu take, surukai a tsakar gida, facaloli a ƙofar ɗaki. In ka ji tana amsa maka da "i" da "a'a" ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Maganin wannan saƙon murya na WhatsApp: ta ɗauka lokacin da gida ya yi shiru, ka saurara lokacin da ka rufe rumfa. Bai buƙatar iya karatu, yana kuma jiran sabis ya dawo. Amma sai wayar ta zama tata ta kanta. Mai kiran matarsa ta wayar ƙanensa ya san da shaida a kan kowace kalma. Ƙaramin faifan sola na caji ya fi atamfa ɗaya amfani a wannan zama. Wanda ke Gana ya riƙe cewa agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, na Saudiyya kuma yana gabanmu da awa biyu, kada a tashi mutum cikin barci sannan a ce ya canza.

Gargaɗi ɗaya da ba zan sassauta ba: ban da hoton tsiraici, ko da tsakanin ma'aurata ne. Waya tana kwana a wurin mai caji, tana zuwa hannun mai gyara, yara suna wasa da ita, ana kuma sace ta a tasha. Murya da kalma mai daɗi sun wadatar.

Kuɗi kuwa, rana tsayayya ta fi yawa muhimmanci. Kaɗan da ke zuwa duk Juma'a ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba. Na Inna ka tura mata daban, na matarka ya shiga hannunta kai tsaye, ka haɗa da ladan mai POS. Gidaje nawa suka yamutse don an mayar da matar aure mai roƙon kuɗin sabulu a wurin ƙanin miji? Kasuwar albasa kowa ya san halinta, yau buhu ya yi sama, gobe kaya sun yi yawa ko sun ruɓe a hanya. In ka faɗi, ka gaya mata gaskiya. Shirunka ne zai sa ta zaci wata ce ke ci. Ke kuma uwargida, kada sallamarki ta zama "gishiri ya ƙare". Ki fara tambayar lafiyarsa da inda ya kwana. Da yawansu a kan buhuna suke kwana, sauro na cizo.

Akwai batun izini, wanda ake raina shi alhali yana haddasa faɗa fiye da kima. Kafin ka tafi ka ba ta izini a dunƙule: asibiti, gidan iyayenta, suna da ta'aziyyar dangi na kusa, islamiyya. Ba daidai ba ne yaro na zazzaɓi ita kuma tana ta buga waya ba ta shiga. Sannan ka toshe kunne daga masu "na ga matarka a hanyar Jega". Wanda ya naɗa ɗan leƙen asiri a gidansa ya ba wani mabuɗin aurensa. Ke ma haka: ganinsa a kan layi ƙarfe ɗaya na dare ba hujja ba ce, wataƙila motar kaya yake jira. Ki tambaya, kada ki yanke hukunci. In kuwa da gaske aure za ka ƙara a can, ta ji daga bakinka kafin gari ya ɗauka. Mai mata biyu kuma ya sani suna gwada tsawon kiran, ko ya so ko bai so ba.

Ku bar wa juna lamba ta biyu, ta mai masauki ko abokin rumfa a can, ta maƙwabci amintacce a nan. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Badun, a Fabrairun 2021, wanda ya rutsa da 'yan kasuwar Arewa, duk matar da ke da lamba ɗaya tak wadda ba ta shiga ta san abin da ake kira dogon dare.

Motocin da ke sauka Kudu suna dawowa, kada su dawo hannu wofi. Ki ba direba ƙullin yaji da dambun nama da ɗan turaren wuta. Kai ma ka aiko da abin da ka zaɓa da idonka, nata na kanta, ba na gida duka ba.

Ranar dawowa ka sanar, kada ka faɗo cikin dare; hadisi ya hana matafiyin da ya daɗe ya yi wa iyalinsa dirar ba-zata da dare, don mace ta samu ta kintsa. Ka gaida mahaifa, sannan ka ba matarka darenta, majalisa ba za ta gudu ba. Kada ka shigo da gyare-gyare a kan tsarin da ta riƙe gida da shi wata huɗu. Ke kuma ki ajiye ƙorafi sai ya kwana biyu ya huta, sa'annan ki kawo shi a tsanake.

Saurayi da budurwar da karatu ko bautar ƙasa suka raba, ku ma ƙa'idar yanke rana ta hau kanku. Alkawarin da manya ba su sani ba, ba a kuma sa masa lokaci ba, kada yarinya ta kori masu nema saboda shi.

In tafiya ta zama ta shekara da shekaru, zuwa gida sai Sallah zuwa Sallah, to waya ba za ta iya wannan aikin ba. Maigida, ko ka nemi ɗaki ka ɗauke iyalinka, ko ka rage zangon tafiyar. In ya ƙi duka biyun, 'yar'uwa, ki kai maganar gaban waliyyinki tun kafin zuciyarki ta gama fita.