Tsohon Ɗan Tseren Keke

Mu Katsinawa mun san sukuwa, mun san ƙwallon dawaki. Amma akwai wani tsere wanda ba doki a ciki, watau tseren keke.

A cikin birni akwai wani tsoho mai gyaran keke. Da ƙuruciyarsa ɗan tsere ne. Ba a biyansa ko anini, sha'awa ce kurum. Kekensa Raleigh ne, mai nauyi.

Da asuba yakan kama hanyar Daura, shi da abokansa. Daura tana gabas da mu. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, sai ta tare su a ƙirji. Don haka sukan jeru, wannan bayan wannan. Na gaba shi ke shan iska, na baya suna fakewa da shi. In ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa. Wanda ya yi garaje ya bar jeri, kafin a kai Mashi ya yi laushi. Haka ake jeruwa har a babban tseren Faransa, wanda aka fara a 1903.

Yanzu gwiwa ta ƙi, tsohon ya bar tsere. In mun kai masa keke, birki yake fara dubawa, sa'an nan sarƙa.