Sabo Turken Wawa: Yadda Ake Barin Shan Taba

Sabo shi ne abin da mutum ya yi ta maimaitawa har ya zame masa jiki. Cikin miyagun sabo, shan taba sigari yana daga masu wuyar bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Mashaya da yawa sun san illarta, suna kuma son rabuwa da ita, amma kullum maganarsu ita ce "sai gobe".

Igiyoyin da ke ɗaure mashayi

Igiya uku ce ke riƙe mashayi a turke. Ta farko a jiki take. Akwai wani sinadari a cikin taba mai suna nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan an zuƙi hayaƙi. Idan ƙwaƙwalwa ta saba da shi, da ya ragu sai ƙawa ta taso.

Ta biyu ita ce wuri da lokaci. Wani bayan cin abinci yake kunnawa, wani a teburin mai shayi, wani a majalisar abokai. Da ya zauna a wurin, hannu ya kai aljihu tun kafin ya yi tunani.

Ta uku zancen zuci ce. Zuciya kan ce kara ɗaya ba ya komai, ko ta ce hali zanen dutse ne. Amma shan taba koyonsa aka yi, ba a haifi kowa da shi ba, kuma abin da aka koya ana iya barinsa.

Yadda ake tsinke su

Mai niyyar bari yakan tsayar da rana guda, ba mai nisa ba, ya sanar da iyalinsa da aminansa. Watan azumi dama ce babba, domin mai azumi ya riga ya jure wuni guda ba hayaƙi. Idan ranar da ya sa ta zo, sai ya fitar da kwalin taba da ashana daga ɗaki da aljihu, ya ƙaurace wa majalisar mashaya na ɗan lokaci.

Ƙawa ba ta daɗewa, 'yan mintoci take yi ta lafa. Idan ta taso, sai a sha ruwa, ko a yi asuwaki, ko a tashi a ɗan taka. Kuɗin taba kuma a riƙa jefa su asusu. Wanda ke kashe naira 500 kullum zai tara naira 15,000 a wata.

Makon farko shi ne mai zafi. Akan yi fama da saurin fushi, da ciwon kai, da rashin barci, da yawan jin yunwa. Galibi waɗannan suna raguwa cikin mako 2 zuwa 4. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya je asibiti, akwai magungunan da ke rage ƙawa.

Ribar bari

Jiki ba ya ɓata lokaci wajen gyara kansa. Cikin mako 2 zuwa 12 jini yakan gudana da kyau, huhu ya ƙara ƙarfi. Tari da haki suna raguwa cikin wata 1 zuwa 9. Bayan shekara guda, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Mata da 'ya'ya ma sun huta da shaƙar hayaƙi.

Idan an yi tuntuɓe

Yawancin waɗanda suka bar taba sai da suka gwada sau da dama. Wanda ya koma ya sha kara ɗaya bai rushe aikinsa ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya duba inda ya zame: wane wuri ne, wane lokaci, tare da wa. Sai ya toshe wannan kafa, ya ci gaba tun daga ranar, kada ya jira wata sabuwar shekara. Sannu ba ta hana zuwa.