Natsuwa Da Lafiyar Jiki

Da damina, in an yi ruwa mai yawa a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, Kogin Kano ya kan taho jajawur da laka, ya ratsa Dajin Falgore, ya zuba cikin madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. Wanda ya ɗebi ruwan nan a ƙwarya ba ya iya hango gindinta. Amma in ya ajiye ta ya ƙyale, jim kaɗan sai laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Ba a zuba masa kome ba, barinsa kurum aka yi.

Haka hankalin mutum ya ke. Fushi da tsoro da zullumi su ne lakarsa, jiki kuwa shi ke shan wahalarsu. In mutum ya firgita, waɗansu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙodarsa su kan saki wani sinadari cikin jini. Nan da nan zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Wannan shiri yana da amfani ga manomin da ya yi kiciɓis da kububuwa a gona, gama shi ke ba shi ƙarfin tsalle. Abin takaici, jiki ba ya rarrabe maciji da jarrabawa, ko bashi, ko zagin abokin wasa. In aka daɗe cikin wannan hali sai barci ya ƙaurace, kai ya yi ta ciwo, karatu ya ƙi zama.

A Bebeji da Kiru, bayan sallar Asuba, a kan ga dattijo zaune bisa buzu, ya fuskanci alƙibla, carbi a hannu. In ɗan Tijjaniyya ne, lazimi ya ke yi, watau istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Ba ya waiwaye, ba ya hira, sai ya idar. Domin Allah ya ke yi, ba domin neman magani ba. Duk da haka jikinsa yana samun rabonsa.

Wani likita na Jami'ar Harvard a Amurka, wai shi Herbert Benson, ya auna mutanen da su kan zauna shiru suna maimaita kalma guda a zuci. Ya tarad da bugun zuciyarsu yana raguwa, numfashinsu yana tafiya sannu. Ya rubuta littafi a kan wannan a 1975. A 2024 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Disamba ta kowace shekara domin tuna wa mutane amfanin irin wannan zama.

Kada dai a zarce da yabo. Natsuwa ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro, mai hawan jini kuwa ba ya barin maganinsa wai don ya koyi zama shiru.

Ɗan makaranta yana iya gwada abin da kansa. Bayan ya dawo daga wasa, ya ɗora yatsa biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya. Na babban mutum a zaune ya kan kama daga 60 zuwa 100, na yaro ya ɗan fi sauri. Sa'an nan ya zauna a inuwa, ya miƙe bayansa, ya shaƙi iska a hankali ta hanci, ya fitar da ita a hankali, yana ƙirgawa har goma.

Nan wuyar ta ke. Kafin ya kai huɗu, hankalinsa ya tsere filin ƙwallo, ko ya leƙa tukunyar tuwo. Kada ya ji haushi, haka ta kan faru har ga manya. Sai ya komo da shi sannu, kamar yadda makiyayi ke kore maraƙi daga bakin gonar dawa ba tare da duka ba, ya sake farawa daga ɗaya. Bayan minti biyar ya sake taɓa jijiyar, ya rubuta lissafin biyu cikin littafinsa, ya kai wa malam.