Filin Goggo: Karfasa ta hana baƙo zama

Ni malamin makaranta ne a Shagari. Bara na sayi akwatin gilashi na kifin ado, mai cin ruwa jarka huɗu, na zuba 'ya'yan karfasa da na karɓa hannun masunta a dam, da wasu masu launin rawaya da shuɗi da abokina ya kawo mini daga Kano. Yanzu gansakuka ta rufe gilashin. Mai sayar da kifi ya ba ni wasu ƙanana guda biyu, ya ce su ne masu share gilashi. Ba su yi mako ba na tsinci ɗaya babu ido, ɗayan ko gawarsa ban gani ba. Uwargida ta ce in kwashe tarkacena in mayar dam. Wane kifi zan sa ya ci gansakukar ba tare da an kashe shi ba?

Malamin makaranta, Shagari

Malam ɗana, sannu da hasara. Karfasar dam da waɗannan masu rawaya da shuɗi dangi ɗaya ne. Masu launin nan asalinsu Tafkin Malawi, inda ake da ɗaruruwan irinsu, kowane namiji da dutsensa da yake karewa. Ita ma karfasa, in namiji ya balaga sai ya share gurbi a ƙasa, macen ta kwashe ƙwai a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, kuma a wannan lokaci ba wanda ya isa ya gifta. Cikin wannan gida ka sako 'yan baƙi biyu da ba su kai ɗan yatsa ba, kamar amaryar da aka kai wa uwargida mai zafin kishi ba a ware mata ɗaki ba.

Duk abin da zai shiga bakinsu abinci ne. Saboda haka ka manta da jatan lande da ƙananan masu lasar gilashi, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Wanda ke iya jurewa shi ne fileko, ɗan Kudancin Amurka mai baki a ƙasa da jiki duk sulke. Amma ka tambaya da kyau, domin iri-iri ne. Na gama-gari yakan kai tsawon santimita 40 ko fiye, akwatinka ba zai ɗauke shi ba, kuma in ya girma kashin da yake yi ya fi gansakukar da yake ci. Ka nemi mai gashin baki, wanda namijinsa ke da tsiro-tsiro a hanci. Shi ba ya wuce santimita 15. Guda ɗaya ya isa, kuma ya zama ya riga ya yi ƙwari, tsawonsa ya kai na babbar karfasarka.

Akwai kuma ɗan gida, ƙurungu. Kowane masunci ya san ƙayarsa: ɗaya a baya, biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kulle, ga kukan ƙur-ƙur da yake yi in an ɗaga shi. Karfasa takan gwada shi sau ɗaya ta bari. Sai dai kada in ruɗe ka, ƙurungu ba ya goge gilashi. Aikinsa tsintar ragowar abinci a ƙasa da dare, wanda shi ne takin gansakukar. In za ka karɓo shi a dam, ka ajiye shi a baho daban mako biyu ka ga ko yana da ciwo.

Ranar sa baƙon, ka fitar da duwatsun cikin akwatin duka ka sauya musu wuri, kowa ya rikice da neman sabon gurbi. Ka kifa tsingaron tukunya mai 'yar ƙofa, ko guntun bututun roba da shi kaɗai zai iya shiga, ka sa busasshen icce da ya jiƙa, don fileko yana son kankarar icce. Ka ciyar da masu gida su ƙoshi, ka kashe fitila, sannan ka sake shi. Jefi-jefi ka nutsar masa da yankin kokwamba da dare, ka cire da safe.

Kada ka ɗebo katantanwa daga dam da sunan share gilashi. Wasu ƙananan katantanwar ruwan kwance su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini, ga yara a gida masu son tsoma hannu.

Yanzu abin da mai sayarwa bai faɗa maka ba: babu kifin da zai ci gansakuka da saurin da ranar Shagari ke tsiro da ita. Ina kyautata zaton akwatin yana jikin taga. Ka matsar da shi inda hasken rana ba ya dukansa, fitilarsa kada ta wuce awa 8. Abinci kuwa, iya abin da za su cinye cikin minti 3. Kowane mako ka zuƙe rubu'in ruwan daga ƙasa ka mayar da sabo, ka bi gilashin da soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba. A bazara ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, don haka na'urar hura iska ta samu batir ko sola.

Ka gaishe mini da uwargida, tana da gaskiya a kan ƙazantar. Amma dam a'a. A madatsar Infiyanilo ta ƙasar Meziko, fileko ya yaɗu har masunta suka koma jawo shi a koma maimakon karfasa, sana'ar ta durƙushe. Wanda ka gaji da shi ka mayar wa mai shago. Karfasar gida kuwa za ta fi ƙarfin akwatin nan ba da jimawa ba. In sun kai tafin hannu, uwargida ta san tukunyar da za ta ɗora.

Goggo, ina da tankin siminti na karfasa a bayan gida. Ruwan ya yi kore shar. Maƙwabciyata ta ce in zuba tarwaɗa ta share shi. In zuba?

Wata uwa, Boɗinga

'Yata, tarwaɗa ba ta cin kore, 'ya'yan karfasa take ci. Masu kiwo sukan sa 'yan kaɗan da gangan don rage yawan haihuwa, manyan su samu girma. In wannan kike so, ki sa waɗanda ba su kai girman karfasarki ba. Koren ruwa kuwa abincin karfasa ne na kyauta, tana tace shi ta ci. Ki tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafinki ya ɓace tun ruwan bai kai can ba, ko kika ga kifin sun taso suna haki da asuba, koren ya yi yawa: ki rage abinci, ki zubar da sulusin ruwan a gindin zogale, ki ƙara sabo.