Yadda Ake Kai Ɗan Riƙo Wurin Likita Idan Halinsa Ya Gagara

Ɗan marigayiyar ƙanwarki, mai shekara 7, ya dawo hannunki. Wata huɗu ke nan kullum da safe sai kin shanya katifa. Ran nan kina kakkaɓe shimfiɗarsa kika tarar da malmalar tuwo ƙunshe a leda ƙarƙashin matashi, har ta fara tsami, alhali da dare ya ci ya ƙoshi. A makaranta kuma ya gantsara wa wani yaro cizo. Maƙwabta tuni sun yanke hukunci: tsintacciyar mage ba ta mage. Masu sauƙin baki su ce iska ce.

Kafin ki kama maganar kowa, ki nemi ɗan littafin rubutu. Sati uku ko huɗu ki riƙa rubuta abin da ya yi, da lokacin, da abin da ya faru dab da hakan. Kada ki rubuta "ya yi taurin kai". Rubuta "Talata bayan magariba, Baban yara ya ɗaga murya, sai ya shige bayan ƙofa ya ƙi fitowa har isha". Likita ba zai iya aiki da taurin kai ba, amma zai iya aiki da wannan.

Sai babban aikin, wanda shi ya bambanta ɗan riƙo da ɗan da kika haifa: tarihinsa ba a hannunki yake ba. Ki je ki nemo shi wurin kakarsa, ko goggonsa, ko wadda ta karɓi haihuwarsa. An yi doguwar naƙuda? Ya yi kuka da ya faɗo? Ya yi shawara yana jariri? Yaushe ya fara tafiya da magana? Ya taɓa sanƙarau, ko zazzaɓin da ya sa shi jijjiga, ko tamowa? Hannu nawa ya bi kafin ya iso gare ki, kuma a gabansa uwar ta cika? Tambayoyin suna da nauyi, dangi ma kan ɗauka tonon silili kike yi, don haka ki bi su da lallami. Amma kowace amsa tana da amfani. Sanƙarau kan bar yaro da raunin ji, sai a yi ta dukansa wai ana kira yana ƙin amsawa. Yaron da ya taɓa kwana da yunwa kan ɓoye abinci ko da tukunya cike take. In kuma daga yankin da ake haƙar zinare ya zo, ki faɗa, domin gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara a 2010, tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Katin rigakafinsa, in ya samu, ki haɗa da shi.

Ki ji ta bakin malaminsa na boko da na Islamiyya. Likita zai so ya san ko a gida kaɗai yake haka ko har a waje.

Farawa ana yi ne daga likitan yara, ba daga asibitin ƙwaƙwalwa ba. Shi zai duba kunne da ido, ya auna jini da fitsari, ya tambayi ko yaron kan ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana zuru da ido, don akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa. In ya ga da buƙata sai ya ba ki takardar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar yara. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Na san sunan wurin kaɗai kan sa gaban uwa ya faɗi. Zuwa can ba ya nufin hauka. Gidan mari ne abin tsoro, kowa ya ga yaran da aka fito da su cikin sarƙa a Rigasa ta Kaduna a 2019. Addu'a kuwa ki ci gaba da yi masa, ba ta hana ganin likita.

Ranar tafiya ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: "Za mu je wurin likitan da ke taimaka wa yara su yi barci mai daɗi." A ɗakin kuma kada ki zazzage laifuffukansa yana tsaye yana ji. Ki roƙi a ba ki minti biyar ke kaɗai. Za su ba shi takarda ya yi zane, su sa shi wasa, su yi hira da shi ba kya wurin, wataƙila su ba ki takardar tambayoyi ki cike, wata kuma ki kai wa malaminsa. Da wuya a gama a zama ɗaya, kuma sau da yawa ba ƙwaya za a rubuta ba, ke da maigidan za a koya wa yadda za ku tafi da shi. In an rubuta magani, ki tambayi sunansa da illarsa da tsawon lokacin shansa, kada ki ƙaro a kemis da kanki.

Abu uku ne ba sa jiran littafi ya cika: ya yi jijjiga, ko ya yi maganar kashe kansa, ko kin ga alamar wani ya ɓata shi. Waɗannan a ranar ake tafiya, ko da dare ne, ta sashen gaggawa.