Idan Allon Zaɓi Ya Ɓace a Kwamfuta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in yi bayani a kan wata matsala da take samun kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗauke da manyan manhajoji biyu, wato Windows da Ubuntu. Idan aka kunna irin wannan kwamfuta, wani ɗan allo mai suna GRUB yakan fito ya ba mutum zaɓi. Wata rana kwatsam sai allon ya ƙi fitowa, hankalin mai ita ya tashi, wani kuma ya ba shi shawara a goge komai. To, abin da nake so mu riƙe shi ne, galibi aikinmu yana nan lafiya a faifan ajiya. Ƙofar shiga ce kawai ta ɓace.

Da farko, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, a riƙa danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce. Jerin sunaye zai fito. Idan aka ga Ubuntu a ciki, shi ke nan, lafiya lau take. Abin da ya faru shi ne Windows ta shige gaba a layi, kamar yadda takan yi bayan sabuntawa. Sai a shiga saitin UEFI da F10 a HP, ko F2 a Dell, a mai da Ubuntu sama, a adana.

Na biyu, idan allon ya fito amma babu Windows a kansa, ga dalili. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021, an rufe ɗan aiken da yake nemo sauran manhajoji. A buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, a rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sa'an nan a ba da umurnin sudo update-grub.

Na uku, wani lokaci Secure Boot ne yake tare hanya, kamar yadda ya faru ga mutane da dama a watan Agusta na 2024 bayan wata sabuntawar Windows. Rufe shi na ɗan lokaci yakan buɗe hanya. Amma fa a yi hattara! Idan an kulle faifan da BitLocker, kwamfutar tana iya neman mabuɗi mai lambobi 48. A rubuta shi a takarda tukuna kafin a taɓa saitin.

Idan duk wannan bai yi ba, a tayar da Ubuntu daga filashi, a kwashe muhimman takardu, sa'an nan a gwada Boot-Repair.

A ƙarshe, ina roƙon iyayenmu, in an kai wa mai gyara, kada a yarda ya goge faifai sai ya bi waɗannan matakai. Abin da aka goge da wuya ya dawo, kuma sannu ba ta hana zuwa.